Tashe ɗakin karatu na unguwa: wuraren da muke tuntuɓe a zangunan Akra

Wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango ya san irin ginin da nake nufi. An taɓa kiransa laburare. Yanzu ƙofarsa da kwaɗo, gilasan taga sun zube saura ɗaiɗaiku, awaki na kwana a baranda, wani kuma ya mai da gabansa wurin ajiye aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Wata rana samari na zaune a bes, wato majalisarsu ta hira, ana zuba ataya, sai wani ya ce, "Wallahi abin kunya ne, mu tashe shi." Kafin mako ya zagayo an buɗe zauren WhatsApp, 'yan'uwa na Jamus da Amurka sun fara turo kuɗi, an sayi fenti. A yi biki, a ɗauki hotuna. Bayan shekara biyu ka bi ta wurin, kwaɗo ya dawo ƙofar.

Na zauna a irin wannan kwamiti, kuma wasu daga cikin kurakuran da zan ambata da ni aka yi su. Abin yana ci mini rai, domin yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da iyayensa da ƙannensa, talabijin na kunne, ba teburin da zai ɗora littafi, shi ke ɗaukar asarar duk sa'ad da muka yi garaje.

Sayen fenti kafin tambaya

Kuskuren farko shi ne a fara gyara ba a san abin da ya kashe wurin ba. Muna ganin rufi ya lotsa sai mu ɗauka rufin ne matsala. Sau da yawa rufin ya lalace ne bayan an daina zuwa, an kuma daina zuwa ne tun ranar da mai tsaron wurin ya gaji da aikin da ba albashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemo wanda ya riƙe makullin a da, ko da ya tsufa, ku je gidansa da goro ku ce, "Baba, me ya faru aka rufe?" Ku tambayi mai koko da ke zaune a gefen ginin tun kafin a haifi wasunku. Mu da muka tambaya a makare, sai muka ji ashe rigima ce a kan kuɗin wuta tsakanin laburaren da shagon da suke mita ɗaya. Da mun sani tun farko, da mita muka fara rabawa kafin mu taɓa siminti.

Fili ba takarda

Nan ne aka fi kwana ciki. Zangunanmu kusan duk a kan ƙasar wasu aka kafa su da yardarsu. Malam Amadu Futa ya samu filin Nima daga dangin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, Malam Bako kuma ya samu na Sabon Zango daga sarakunan ƙabilar Ga tun kafin nan. A Kumasi ƙasa tana ƙarƙashin kujerun sarautar Asante. Daga baya filaye suka yi ta sauya hannu da baki, da shaidar liman da dattawa biyu, ba rubutu. Muddin gini yana kango ba wanda ya damu da shi. Ranar da aka sa sabon kwano aka shafa fenti, ranar magada ke tunawa cewa kakansu aro ya bayar, kuma wurin zai yi shaguna uku masu kyau a bakin hanya.

Ba na zargin magada, haƙƙinsu ne su tambaya. Laifin namu ne da muka zuba kuɗin jama'a a kan abin da ba mu tabbatar ba. Kafin a sayi buhu ɗaya na siminti, a je Hukumar Filaye a yi binciken sunan da ke kan filin. In na iyali ne, a zauna da su duka, maza da mata, har waɗanda ke waje a kira su a waya, a rubuta yarjejeniya: shekara nawa, da wane sharaɗi, me zai faru in laburaren ya daina aiki. In wakafi ne, a rubuta cewa wakafi ne, Sarkin Zango da liman su sa hannu, lauya ya duba. In na hukuma ne, a samu wasiƙa daga majalisar ƙaramar hukumar da ke da wurin, Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, ta Arewa ga na Maamobi. Izinin gini ma daga can ake karɓa, kuma asambuliman, wato kansilan unguwa, ya san ofishin da za a shiga. Dattijo zai iya cewa, "Haba ɗana, ba ka yarda da maganata ba ne?" Ka amsa masa da ladabi: "Alhaji, na yarda ɗari bisa ɗari. Takardar ta jikokinmu ce, su da ba su ji daga bakinka ba."

Mantawa da ruwa, gara da fumfuna

Ba wanda ke Akra daren 3 ga Yuni 2015 da zai manta. Ruwa ya cika gari, gidan mai a Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah, ya kama wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Babbar kwatar Nima a kogin Odaw take zubawa, kuma in ta cika da shara ruwa gidaje yake shiga. Duk da haka sai ka ga an gyara ɗakin karatu an bar daɓensa daidai da titi, an jera littattafai tun daga ƙasa. A tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a bango a shekarar da ta fi muni, a ɗaga daɓe ya wuce wurin. In ba kuɗin haka, a ɗaga dokin ƙofa, kuma a bar layin ƙasa na kanta ba littafi. Kanta kada ta manne da bango, a bar tazarar da hannu zai shiga, iska ta riƙa ratsawa.

Damina biyu muke da ita a nan kudu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ga laimar teku a kai. Takarda tana shan laima, fumfuna ta hau ta. Shi ya sa nake adawa da yayin da ake yi na cire tagogin luba, masu jerin fallayen gilas da iska ke ratsawa, a sa gilas mai zamewa, wai don a yi zamani a sa na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar nan kuɗin mita take sha kamar ruwa. Wata uku za a kashe ta, a bar ɗaki a toshe, yara na gumi, littattafai na wari. Mun kuma ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, da idonmu, mun san wuta ba abin dogaro ba ce. Luba a bango biyu masu kallon juna, da ragar sauro, da fanka a sama, sun fi. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar faɗa, maganinta tsumma da wanda zai goge kullum.

Sai katako. Kafinta zai kawo muku farashi biyu, kwamiti ya zaɓi mai araha, wanda galibi icen da masu katako ke kira wawa ne. Yana da laushi, ƙwari na sonsa, ga shi yana lanƙwashewa in littafi ya yi masa nauyi. Odum da ire-irensa masu tauri sun fi jure gara, amma da tsada. In aljihu bai kai ba, gara kanta huɗu masu ƙarfi da goma da za su zama gari. A sa maganin gara a ƙasa tun kafin a zuba daɓe. Wajen ƙofa kuma a yi gangare maimakon matakala zalla: dokar nakasassu ta 2006 ta ce gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga kowa, kuma muna da masu keken guragu a kowace unguwa.

Kwantena guda ta littattafan da ba mai karantawa

Wannan kuskure daga kyakkyawar niyya yake fitowa, shi ya sa yake da wuyar faɗa. Ɗan'uwa a waje ya tattara littattafan da wata makaranta ta can ta gama da su, ya cika kwalaye ya turo. Kaya su iso tashar jirgin ruwa ta Tema, takardu ba su cika ba, kuɗin ajiya na hawa kullum, kuɗin da aka tara don rufi ya tafi wajen fito da su. A buɗe kwali, sai ga littafin koyon kwamfuta na zamanin da, da kundin dokokin harajin wata jiha a Amurka, da labaran dusar ƙanƙara. Kantoci su cika maƙil, hoto ya yi kyau, yaro ya shigo ya zagaya sau ɗaya ya fita.

Ku faɗa wa ɗan'uwan nan gaskiya tun da wuri: "Yaya, Allah ya saka da alheri, amma turo mana jerin sunayen littattafan tukuna, ko ka turo kuɗin jigilar mu saya a nan." Abin da yaranmu ke nema ba ɓoyayye ba ne. Ɗan aji uku na ƙaramar sakandare jarrabawar BECE ce a gabansa, na babbar sakandare WASSCE, suna son tambayoyin shekarun baya da littattafan lissafi da kimiyya da Turanci. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a Satumba 2017 yaran zango da ke wucewa gaba sun ƙaru, kuma da hutu suna dawowa gida ba wurin bita. An kuma sauya manhajar firamare a 2019, saboda haka tsofaffin littattafan aji da yawa sun zama tarihi. A sayi waɗanda hukumar manhaja, NaCCA, ta amince da su, a kuma tambayi malaman makarantun unguwa wanne suke koyarwa da shi.

Ƙananan yara kuwa littafi mai hoto suke so, wanda za su ga kasuwa irin tasu da tirotiro, ƙaramar motar haya, da mace mai talla a ka. Marubutan Gana da na sauran Afirka sun yi irinsu da yawa, ana sayar da su a nan Akra.

Akwai wani giɓi da ke damuna ƙwarai. Hausa muke yi a gida da kasuwa da masallaci, gidan rediyon gwamnati ma yana labarai da ita, amma ba ta cikin harsuna 11 da Ofishin Harsunan Gana ke buga littattafai da su. Sakamakon haka yaro ya girma yana jin Hausa bai taɓa ganinta a rubuce da boko ba. Ɗakin karatu na zango da ba kantar Hausa ya rasa abin da zai bambanta shi da na kowa. Littattafan suna Kano da Zariya, kuma muna da fatake da ke zuwa can sarin kaya kowane wata. A ba su jeri da kuɗi, su sako cikin kayansu. Haka na Larabci: ɗaliban makarantun Islamiyya suna buƙatar ƙamus da littattafan nahawu da fiƙihu, malamansu za su faɗa muku waɗanda suka dace.

In aka ji an buɗe laburare, wasu gidaje za su kawo tsofaffin takardun kakanninsu na ajami da Larabci a cikin gafaka. Kada a jera su a kanta, kada a manna musu salatif, kada a rufe su da roba mai zafi. Ƙasar nan tana da tarihin rubutu mai zurfi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Hausa da Larabci, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta tattara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. A ɗauki hotonsu da izinin masu su, a mayar musu da abinsu, a nemi shawarar masana na can kan ajiya.

Gini ba mai tsaro

Da za a ce in zaɓi kuskure ɗaya da ya fi kashe ɗakunan karatu, wannan zan nuna. Muna lissafin bulo da kwano har ƙusa, ba ma lissafin wanda zai buɗe ƙofa kullum. Sai a ce samari za su riƙa karɓa-karɓa don Allah. Makon farko mutum goma, wata na biyu mutum biyu, daga nan ɗaya ya samu aiki, ɗaya ya yi tafiya. Yaro in ya zo sau uku ya tarar da ƙofa a rufe, ba ya dawowa na huɗu.

Misali yana nan kusa da mu. Kathy Knowles, 'yar Kanada, ta fara ne a 1990 da karanta wa yara shida labari a lambun gidanta a Akra. Daga nan aka samu kwantena aka mai da ita ɗakin karatu a Osu, a 1998 kuma aka buɗe na Nima. Abin lura a aikin ƙungiyarta shi ne yadda suka ɗora nauyi a kan ma'aikata: ana horar da su, kuma an yi tsari da hukumar birni ta riƙa biyan albashi. Ku je ku zauna a can yini guda ku ga yadda ake karɓar yaro, yadda ake wanke hannu kafin a taɓa littafi, yadda ake lokacin labari. Zuwa da kai ya fi aike.

To, kafin a kafa tubali a san wa zai riƙe wurin da inda albashinsa zai fito na shekara biyu aƙalla. A zaɓi mai son yara da haƙuri, ko da takardunsa ba su kai na wani ba, kuma kada a ba da aikin don ɗan wane ne. Hukumar Laburare ta Gana, wadda ta fara aiki tun 1950, tana da ofisoshi a yankuna da babban laburare a High Street. A kai musu wasiƙa, a nemi su duba wurin su koya wa mai tsaro yadda ake rajista da jera littattafai. Masu bautar ƙasa suna taimakawa, amma shekara ɗaya suke yi su tafi, saboda haka su zama mataimaka kawai.

Lokacin buɗewa, da waɗanda aka manta

An sha buɗe laburare daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma kamar ofishin gwamnati, daidai lokacin da yara ke aji. Yaron zango yana tashi daga boko ya wuce makarantar allo ko Islamiyya, Asabar da Lahadi ma da safe yana can. Lokacinsa na gaske bayan la'asar ne zuwa bayan isha'i, da yammacin ƙarshen mako, da hutu. A zauna da malaman makarantu a tsara lokaci tare, don kada su ga kamar an zo janye musu ɗalibai. Da azumi a sauya jadawali. A sa fitila mai caji ko ƙaramin faifan sola saboda dare.

Kwamitinmu na farko maza ne zalla, kuma mun ga sakamakonsa: 'yan mata ba sa zuwa. Wata Hajiya ce ta buɗe mana ido. Ta ce, "Ku 'ya'yana, wa zai bar 'yarsa ta shiga ɗakin da samari suka cika, ba mace ko ɗaya, ba makewayi?" Gaskiyarta. Yarinyar da ta taya uwarta sayar da wake da shinkafa tun asuba ita ta fi kowa buƙatar wurin zama shiru na awa biyu. A sa Magajiya da matan ƙungiyoyi cikin kwamiti tun ranar farko, a gina makewayi mai ƙofa da ruwa, a samu mace cikin ma'aikata, a keɓe tebur ko ranaku in iyaye sun fi natsuwa da haka. Da safe da wurin ke zama fayau, iyaye mata da ba su yi boko ba za su iya koyon karatu da lissafin ciniki.

Kada kuma a kori ƙanana don suna surutu. Ɗan shekara shida da baki yake karatu. A raba lokaci ko a raba ɗaki, masu jarrabawa su samu shirunsu, ƙanana su samu tabarmarsu.

Kuɗi, kwamfuta da tutar jam'iyya

Tara gudummawa a lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta mutum ɗaya ya raba abokai da yawa, ko da mutumin bai ci ko sisi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yi wa ƙungiya rajista, a buɗe asusu da sunanta, mutum uku su riƙa sa hannu, a manna lissafin shiga da fita a bango duk wata, a kuma tura wa na waje. Daga duk abin da aka tara a ware kaso na tafiyarwa, wato albashi da wuta da ruwa da gyaran littafi, kada a taɓa shi don gini. Ana iya kai buƙata ga Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, ko ga ɗan majalisa, amma kuɗin wata-wata daga unguwa ya kamata ya fito, kamar adashi: 'yan kasuwa da masu shaguna da 'yan'uwa na waje kowa ya ɗauki abin da zai iya ba fashi.

Kwamfuta ashirin ba intanet, ba mai gyara, ba kuɗin wuta, kaya ne kawai masu tara ƙura da jawo ɓarayi. Uku masu aiki sun isa a fara.

Zaɓe a Gana duk shekara huɗu ne, a watan Disamba, kuma a shekarar zaɓe masu alheri na yawaita. A karɓi taimakon kowa a gode masa, amma kada a shafa wa gini launin jam'iyya, kada a manna hoton ɗan takara, kada a ba da ɗakin don taron siyasa. Rabin unguwa za su ƙaurace, kuma in mulki ya juya sabbin masu iko za su ɗauke kai daga wurin.

Tsoron sata ma yana sa a kulle littattafai a kabad mai gilas, sai mai tsaro ya ga dama ya buɗe. Littafi zai ɓace, wani zai yage, wannan dole ne a wurin da ake karatu. A yi rajistar kowane yaro da sunan mahaifi ko mahaifiya da lambar wayarsu, a fara da karatu a ciki, wanda ya nuna riƙon amana a fara ba shi aro na mako guda.

Bikin buɗewa kuwa, a jinkirta shi. Mun saba sai an kafa rumfa, an yi hayar kujeru, mata sun fitar da yayi, wato anko, an dafa abinci, kuɗin da zai biya mai tsaro na watanni ya ƙare a yini ɗaya. A fara da addu'a kawai, liman da dattawa kaɗan, a buɗe ƙofa yara su shiga. In an yi wata uku ana buɗewa kullum ba fashi, littafin rajista ya fara cika, damina ta sauka an ga inda rufi ke ɗiga an toshe, sai a aika wa Sarkin Zango da sauran baƙi takardar gayyata.